Idan Za Ka Je Durham, Ka Fara Daga Bakin Kogi

Shekara huɗu na yi ina zaune a Newcastle, a arewa maso gabashin Ingila, kuma a tsawon lokacin nan duk baƙon da ya sauka a wurina daga gida, in dai zai kwana biyu, sai na kai shi Durham. Tafiyar ba ta kai minti ashirin a jirgin ƙasa ba. Mutanen wurin "Daram" suke cewa, don haka kada ka wahalar da harshenka wajen sayen tikiti. Ni Bazazzage ne, kakana na wajen uwa magini ne, a gabansa na tashi ina ganin yadda ake kwaɓa ƙasa da jera azara, shi ya sa in na shiga tsohon gini idona rufi yake fara nema. Abin da zan faɗa maka a nan shi ne hanyar da na gano ta fi dacewa a bi garin, bayan na bi ta baibai sau da yawa.

Zuwana na farko a watan Disamba ne. Na bar gida bayan azahar, na hau motar haya daga tasha kai tsaye zuwa ƙofar babbar majami'ar garin, tsohuwar cocin da aka san Durham da ita, na shiga na zaga na fito, kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe. Na koma gida da hotuna a waya, amma da wani ya tambaye ni me ya sa aka gina wannan ƙaton abu a wannan wuri, da ban iya ba shi amsa ba. To kai kada ka yi haka. In da hali ka je tsakanin watan Mayu da Satumba, lokacin da rana ke daɗewa, don a tsakiyar Yuni sai wajen goma saura kwata na dare take faɗuwa. In kuma sanyi ne ya same ka a can, ka yi sammako, ka kasance a garin kafin ƙarfe goma. Ka sa takalmi mai rufi wanda ƙasansa ke kama ƙasa, domin titunan tsohon garin da duwatsu aka shimfiɗa su, in an yi yayyafi santsi suke yi, kuma yayyafi a can ba ya sallama. Ka riƙe rigar ruwa. Lema iskar kan tudu ba ta barinta.

In daga Landan za ka taso, jirgin yana tashi daga tashar King's Cross, tafiyar kusan awa uku. Ka nemi kujerar taga ta hannun dama. Dab da isowa jirgin zai hau wata doguwar gada mai bakuna da aka gina a shekarun 1850, a nan ne za ka ga majami'ar da gidan sarautar garin, wato tsohuwar fadarsa mai ganuwa, sun tashi bisa tudu, rufin gidajen gari na ƙarƙashinsu. Wanda ya taso daga Newcastle ba ya samun wannan gani daga cikin jirgi, sai dai in ya sauka ya haura lambun Wharton da ke bayan tasha, hawan minti biyar, ya tsaya ya kalla daga can. Ya cancanci wahalar.

Kafin ka taka ko'ina, ka san labarin mutum ɗaya, don in ba ka san shi ba garin zai zame maka tarin duwatsu. Sunansa Cuthbert. Makiyayin tumaki ne tun yana yaro, ya shiga ruhubananci, ya zama bishop, wato babban limamin coci, na tsibirin Lindisfarne da ke gaɓar arewa maso gabashin Ingila a 685, ya rasu a 687 a wani ɗan tsibiri inda ya keɓe kansa don ibada. Kiristocin yankin sun ɗauke shi waliyyi. Bayan shekara goma sha ɗaya aka buɗe akwatin gawarsa, waɗanda suka halarta suka ce sun same shi bai ruɓe ba, daga nan kabarinsa ya zama wurin ziyara. A 793 mahara daga ƙasashen arewacin Turai, waɗanda ake kira Viking, suka far wa tsibirin ta teku. Da hare-haren suka ƙi ƙarewa, a 875 ruhubanawan suka saɓi akwatin suka bar tsibirin. Shekara bakwai suna yawo da shi, sannan suka zauna a Chester-le-Street, wani gari kusa da Durham, fiye da shekara ɗari, suka sake tashi, sai a 995 suka iso wannan tudu. Garin Durham kaf a kan wannan kabari ya tsiro. Kuɗin maziyarta da filayen da sarakuna suka yi ta bayarwa da sunan waliyyin su suka gina abin da za ka gani.

Akwai labarin da mutanen garin ke bayarwa na yadda aka zaɓi wurin. Wai amalanken da ke ɗauke da akwatin ya kafe a hanya ya ƙi motsi, aka yi azumi da addu'a kwana uku, aka nuna wa ɗayansu a mafarki cewa a kai shi wani wuri mai suna Dunholme, amma ba wanda ya san inda yake. Suna nan tsaye sai suka ji wata mai tatsar nono tana cigiyar saniyarta mai ruwan ƙasa, wata mata ta ce mata ta gan ta a Dunholme. Suka bi ta. Tatsuniya ce ko gaskiya, su dai sun sassaƙa saniyar da matan biyu a jikin bangon majami'ar ta waje, kuma lungun da ke wurin sunan saniyar yake ɗauke da shi har yau. Sunan kuwa ma'anarsa tudun da ya zama kamar tsibiri, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa na ce ka fara daga kogi.

Daga tasha ka gangaro da ƙafa ta North Road har gadar Framwellgate, wadda asalinta tun ƙarni na 12. Kada ka tsallaka. Akwai matakala a gefen gadar da ke sauka bakin ruwa, ka bi ta, ka kama hanyar ƙafa da ke bin kogin Wear ta yamma, ruwa na hagunka. Itatuwa ne manya suka yi wa hanyar rumfa, ƙasa da laima, kana jin ƙarar ruwa inda aka tare shi da madatsa. Bayan tafiyar kamar minti goma za ka iso inda kake fuskantar wani tsohon gidan injin ruwa a tsallake, inda a da ake bugun ulu, sama da shi gangare mai tsayi, sama da gangaren kuma hasumiyoyi biyu na yammacin majami'ar. Ka tsaya nan ka daɗe. Kogin ya yi lanƙwasa kamar kofaton doki, ya kewaye tudun ta gabas da kudu da yamma, ya bar ɗan wuya siriri ta arewa, kuma a daidai wannan wuyan aka dasa gidan sarauta ya toshe shi. Duk wanda ya tashi a birni mai ganuwa zai gane abin nan take: kogin shi ne gwalalo, gangaren shi ne badala, ƙofa ɗaya ce ke buƙatar tsaro. Mutanen da suka yi shekaru suna gudun mahara da gawa a kafaɗa, irin wannan wuri za su nema.

Ka ci gaba har gadar Prebends, wadda aka gama a 1778 bayan ambaliyar 1771 ta tafi da ta da. Ka tsallaka, ka shiga ta wata ƙofa mai baka, ka haura titin Bailey. Titi ne matsattse, gidajen da ke jikinsa yawancinsu yanzu masaukin ɗaliban jami'a ne, za ka yi ta cin karo da su da jakunkuna a baya. Ka karya hagu ta lungun saniyar, ka ɗaga kai ka gan ta a bango, sai ka faɗo wani fili mai ciyawa da ake kira Palace Green.

Wannan fili shi ne ƙofar fada. Majami'a a kudu, gidan sarauta a arewa, tsohuwar kotu da baitulmali da ɗakin littattafai da gidan gajiyayyu a gefe da gefe, kasuwa kuma tana can ƙasa a wajen ƙofa. Lokacin da na kai kawuna, ya tsaya tsakiyar filin ya juya sau biyu, ya ce, "Kai ɗan nan, ai wannan tsarin namu ne, ga fada ga masallacin Juma'a ga dandali." Na ce, "Haka ne, Kawu, sai dai a nan limamin da sarkin mutum ɗaya ne." Ba ƙari na yi ba. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Sarki William ya sa aka fara gina gidan sarautar a 1072. Yankin na kusa da iyakar Sikotlan, nesa da Landan, ga mutanensa ba sa son sababbin masu mulki, sai sarakunan Ingila suka sakar wa bishop na Durham iko irin na sarki: yana tara mayaƙa, yana buga kuɗinsa, yana karɓar haraji, yana da kotunansa. Wannan iko bai gama komawa hannun gwamnati ba sai 1836. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran irin wannan babbar majami'a da ita, daga sunan kujerar bishop ta samo asali, wato majami'ar da gadon mulkinsa yake. In ka shiga za ka ga kujerar, can sama bisa matakala, wadda Bishop Hatfield ya gina a ƙarni na 14 a kan kabarin da ya tanadar wa kansa.

Yanzu maganar shiga. Musulmi da yawa da na kai sukan tsaya a ƙofa su tambaye ni ko za a bar su, ko kuma ya dace. Bari dai ana barin kowa, ba a tambayar addininka, ba a kuma karɓar kuɗin shiga, sai gudummawa da suke roƙo don gyaran gini, ni kuma nakan bayar domin na san abin da riƙon tsohon gini ke ci. Dacewa kuwa kowa da malaminsa da zuciyarsa. Ni ina shiga a matsayin baƙo a ɗakin ibadar wasu, ina yi musu ladabin da nake so a yi wa namu. Ba a cire takalmi. Al'adarsu namiji ya cire hula in ya shiga, amma ban taɓa ganin an yi wa mai hula ta addini ko mace mai mayafi magana ba. Ka sassauta murya, ka kashe ƙarar waya, kada ka ɗauki hoto lokacin sujada, kuma in ka ga igiya an gitta kada ka tsallaka. Akwai dattawa masu aikin sa kai da ke tsaye nan da can, yawancinsu sun yi ritaya, ka tambaye su duk abin da ya shige maka duhu, suna jin daɗin tambaya ƙwarai.

Kafin ka tura ƙofar arewa, ka dubi abin da ke jikinta: wata fuska ta tagulla mai kama da zaki, ido a ƙwaƙule, da zobe a baki. A zamanin da, wanda ya yi kisa ko wani babban laifi, in ya samu ya iso nan ya kama zoben ya buga, masu gadi da ke kwana a ɗaki bisa ƙofar za su buɗe masa ko da tsakar dare, kuma ba mai ikon taɓa shi. Za a sa masa baƙar riga mai alamar gicciye ruwan ɗorawa a kafaɗa, a ciyar da shi kwana 37. A cikin kwanakin nan ko dai ya yarda a yi masa shari'a, ko ya bar ƙasar ta tashar jirgin ruwa. Wanda ke ƙofar yanzu kwafi ne, na ainihin yana gidan tarihi na ciki. Duk da haka ka kama shi ka ji sanyinsa a tafin hannunka.

Da ka shiga, kada ka yi gaba. Ka koma ƙarshen yamma, ka juya ka fuskanci gabas, ka bar idonka ya saba da hasken. An aza harsashin ginin a 1093, zamanin Bishop William na St Calais, aka gama uwar ginin a 1133, shekara arba'in ke nan, da dutsen yashi da aka fasa a nan kusa. Ginshiƙan su za su fara kama ka. Masu zagayen nan kaurinsu ya wuce mita shida in ka kewaya da igiya, mutum huɗu in sun haɗa hannu da ƙyar su rungume ɗaya. Kowanne da zanen da aka sassaƙa masa mai zurfi: wani zikzak, wani igiya mai murɗewa, wani gidan dara, wani tsaga a tsaye, kuma suna tafiya bibbiyu, na hagu da na dama iri ɗaya. Ka matsa kusa ka sa yatsa cikin tsagar. Za ka lura zanen bai yanke ba daga dutse zuwa dutse, alamar cewa tun a ƙasa aka sassaƙa kowane dutse da ma'auni ɗaya kafin a ɗora shi. Wannan aikin lissafi ne kafin ya zama aikin ƙarfi.

Sai ka ɗaga kai. A nan ne nake daɗewa har waɗanda na kawo su gaji. Kafin Durham, manyan majami'u a Ingila rufin katako ake yi musu, gobara kuma ba ta barinsu. Rufin dutse mai faɗi haka nauyinsa yana tura bango waje har ya buɗe. Maginan nan sai suka fara ɗaura bakuna na dutse masu gittawa da juna kamar haƙarƙari, suka cike tsakaninsu da dutse mara kauri, nauyin ya bi bakunan ya sauka kan ginshiƙai. Bakunan da ke tsallaka zauren kuma suka yi musu tsini a sama maimakon rabin da'ira, don tsini ya fi kai nauyi ƙasa. A ɓoye cikin benen gefe akwai wasu rabin bakuna da ke tokare bangon. Wannan gini yana cikin na farko a Turai da aka rufe da wannan dabara a irin wannan girma, kuma daga irinta salon gina majami'u masu tsawo da manyan tagogi ya biyo baya. Ranar da na fara lura da shi, abin da ya faɗo mini shi ne ɗaurin guga. Wanda ya taɓa tsayawa cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ga yadda bakuna ke tasowa daga ginshiƙi su haɗu a sama su ɗauki rufi, zai gane tunanin. Can azara ce da ƙasa, nan dutse ne da farar ƙasa, tsakaninsu shekara ɗari bakwai da teku, ba wanda ya koya daga wani. Matsalar ce ɗaya: yadda za a rufe wuri mai faɗi a kan jama'a ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba. Na so a ce kakana ya ga wannan rufi.

A ƙasa kusa da inda kake tsaye akwai wani layi na baƙin dutse da ya gitta daɓen. A zamanin ruhubanawa mata ba sa wuce shi. Saboda su aka gina ɗakin da ke bayanka a shekarun 1170, wanda ake kira Galilee. Ka shiga. Ginshiƙansa sirara ne, haske ya fi yawa, bakunansa jere-jere masu zikzak har wasu kan ce suna tuna musu da masallacin Kurɗuba na Andalus. A nan kabarin Bede yake, malamin da ya rasu a 735 a Jarrow, aka kawo ƙasusuwansa Durham daga baya. Shi ya rubuta tarihin mutanen Ingila na farko mai tsari, ya gama shi a 731, ya yi rubutu kan lissafin lokaci, ya bayyana cewa duniya ƙwallo ce kuma wata ne ke jan ruwan teku. Ƙirgen shekaru daga haihuwar Annabi Isa, wanda muke ce wa miladiyya muke rubutawa a takardunmu kullum, ba shi ya ƙirƙiro shi ba, amma littattafansa ne suka yaɗa shi a Turai. Kabarin baƙin dutse ne, ba ado.

Daga nan ka bi gefen kudu ka yi gabas. Za ka wuce wani abin tunawa na baƙin katako da fitilar masu haƙar kwal a rataye, da littafi mai sunayen waɗanda suka mutu a ramuka. An kafa shi a 1947. Kada ka wuce shi da sauri. Lardin Durham ƙasar kwal ce, ƙauyukan da ke kewaye da garin a kan ramuka suka rayu har aka rufe na ƙarshe a farkon shekarun 1990, kuma dattijon da ke nuna maka hanya mai yiwuwa ubansa ko kakansa a rami ya yi aiki. Gaba kaɗan akwai wani babban agogo mai fenti. A 1650, bayan yaƙin Dunbar tsakanin Ingila da Sikotlan, sojojin Cromwell, jagoran rundunar Ingila, suka kulle fursunonin Sikotlan kusan 3,000 a cikin wannan gini, ba abinci isasshe ba wuta, ga sanyi na shigowa. Suka ƙone kusan duk katakon da ke ciki don jin ɗumi, agogon ya tsira, ana cewa don yana ɗauke da hoton furen ƙaya da ke alamar ƙasarsu. Kimanin 1,700 suka mutu. A 2013 ana haƙa harsashi a gefen Palace Green aka ci karo da ƙasusuwan wasunsu a ramuka biyu. Tun da na san wannan, in na taka ciyawar filin nan takawar daban nake yi.

Can bayan bagadi, ka hau 'yan matakala, kabarin Cuthbert ne. A da an lulluɓe shi da zinariya da duwatsu masu daraja, mutanen Sarki Henry na takwas suka kwashe su lokacin da ya rushe gidajen ruhubanawa. Abin da ya rage shimfiɗaɗɗen dutse ne da sunansa kawai da harshen Latin. Mutane na zama shiru a wurin, wasu na addu'a, don haka ba wurin hira ba ne. In kana son ganin kayansa, ka sayi tikitin gidan tarihi ta farfajiyar ruhubanawa. A tsohon ɗakin girkinsu mai kusurwa takwas aka ajiye guntayen akwatin katakon da aka yi masa a 698, da mataji na hauren giwa, da ɗan gicciyen zinariya da aka samu a ƙirjinsa da aka buɗe kabarin a 1827. Ɗan littafin Linjila da aka binne shi da shi yana Landan, ɗakin karatu na ƙasa ya saye shi fam miliyan tara a 2012, kuma shi ne littafi mafi tsufa a Turai da ya iso mu da bangonsa na asali.

Hasumiyar tsakiya matakala 325 ce, tsayinta mita 66, ana biya, kuma ana rufe ta in iska ta yi ƙarfi. Matakalar murɗaɗɗiya ce, tana ƙara matsewa sama-sama har kafaɗunka su riƙa gogar bango. Mai ciwon gwiwa ko zuciya ya haƙura, ba sa barin ƙananan yara, ba sa barin mai silifa. In ka hau, lanƙwasar kogin da ka bi da safe za ka gan ta gaba ɗaya a ƙarƙashinka. Gidan sarautar kuma ba a shigarsa sai da ɗan rakiya a lokutan da aka tsara, domin tun 1837 yana hannun jami'ar Durham, wadda aka kafa a 1832, kuma ɗalibai na kwana a ciki. Ka sayi tikitinsa da safe tun kana isowa filin. In lokaci ya ƙure ka zaɓi ɗaya, ni hasumiya zan ce maka. Majami'ar da gidan sarautar tare UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1986.

Abinci da salla. Ka gangara ta titin Saddler zuwa dandalin kasuwa, akwai kasuwa mai rufi a nan da wuraren cin abinci. Soyayyen kifi da dankali shi ne mafi sauƙi, amma ka tambayi man da aka soya, don a arewacin Ingila wasu da kitsen dabba suke suya, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. Naman halal ya fi samuwa a Newcastle, ni guzurina nake ƙullowa daga can in ci a benci a bakin kogi. Jami'a tana da ɗakin salla na ɗalibai Musulmi, ka nemi inda yake da yadda ake shiga tun kafin ka taso. A lokacin sanyi azahar da la'asar da magariba suna zuwa cikin awa huɗu, ka tsara zagayenka da wannan a zuciya, ka riƙe alwala.

Da yamma bayan ƙarfe biyar ana yin sujadar maraice da mawaƙa, kusan kullum, ka duba allon ƙofa don lokacin. Ga ɗan'uwa Kirista wannan ne ya kamata ya zama ƙarshen yininsa. Wani abokina ɗan Wusasa, wanda ya tashi a cocin Anglika na can mai ginin ƙasa, na raka shi na jira shi a farfajiya, sautin na fitowa ta bango har inda nake. Da ya fito bai yi magana ba sai da muka kai gada, sannan ya ce addu'o'in da aka karanta su ne waɗanda ya haddace da Hausa tun yana yaro.

Abu biyu na ƙarshe. In zuwanka ya faɗo Asabar ta biyu a watan Yuli, ka san ranar taron masu haƙar kwal ce, wanda aka fara tun 1871. Kowane ƙauye na shigowa da tutarsa ta alharini da 'yan badujala, tituna a cushe kamar ranar hawa, da rana kuma a shigar da sababbin tutoci majami'a a sa musu albarka. Ba ranar kallon ginshiƙi ba ce, amma ranar ce za ka ga masu garin. In kuma kana da yini na biyu kuma kai mai bincike ne, jami'ar tana riƙe da taskar takardun Sudan da aka kafa a 1957, wasiƙu da hotuna da taswirori na Turawan da suka yi mulki a can, sai dai ana neman izini tun kafin a je.

Komawa tasha hawa ne, ka ba kanka minti ashirin daga kasuwa. In ka isa da sauran lokaci, ka taka zuwa ƙarshen dandamali ta kudu. Bayan magariba ana kunna wa majami'ar fitilu daga ƙasa, dutsen ya koma ruwan zuma, kogin kuma ba a ganinsa sai baƙin itatuwan da suka bi shi suka kewaye tudun.